Faɗuwar da Baba Ya Gani

Ni ne ɗan fari a gidanmu, saboda haka Baba ba ya yi mini magana kai tsaye. A ƙasarmu ta Adar wannan ba abin mamaki ba ne, kunya ce, kowa ya san ta. Amma Baba ya kai tasa inda ba kowa yake kaiwa ba. Ina zaune a gabansa, gwiwata na kusan taɓa tabarmarsa, sai ya juya ga ƙanena ya ce, "Hwaɗa ma wancan ya ɗauro akuya." Ƙanen nan nawa kuwa da sunansa ake kiransa, a ja masa kunne, a yi dariya da shi, a ci tuwo kwano ɗaya. Mata suna ce mini ai kunyar ɗan fari so ne a ɓoye. To, ni dai a ɓoyen ya tsaya, ban taɓa ganin ko gefensa ba. Abin da nake nema tun ina ƙarami bai wuce guda ɗaya ba, Baba ya dube ni ya ce "kai".

Baba ɗan kokawa ne a zamaninsa. Bayan girbi makaɗa ba sa kwana biyu ba su zo ƙofar gidanmu ba, kuma har ya tsufa in ya bi ta kasuwa sai wani ya ɗaga hannu ya yi masa kirari. Wuyansa kamar turmi. Ni kuma na ɗauko jikin dangin Inna, dogo, siriri, duk ƙafa. Ya taɓa sa ƙanensa ya kai ni fili, wani gajeren yaro ya ɗaga ni ya nana da ƙasa kafin makaɗi ya gama gyara gangarsa. Da na tashi ina tofar da yashi, bayan Baba na hango yana tafiya gida. Daga nan aka bar ni da lakkol, wato makarantar boko. A can na zama mai tsaron raga, ba don na iya kamu ba, sai don in na saki ƙwallo daga hannu na ɗora masa ƙafa yakan sauka kusa da ɗaya ragar.

Wajen tsakiyar shekarun dubu biyu na zo birnin Lyon, a ƙasar Turawa, karatun aikin ruwa. Ina kwana a wani ɗan ɗaki can saman bene a unguwar La Guillotière, ƙasansa shagon wani Batunise mai sayar da nama. Ranar Lahadi mukan taru a bakin kogi mu buga ƙwallo. Wani ɗan ajinmu, ƙato daga Guadeloupe, ya ga na yi bugun nan nawa, ƙwallon ya tsallake itatuwa ya faɗa ruwa. Kowa yana zagina, shi kuwa sai ya kama hannuna ya ce gobe zai kai ni wani wuri. Ya kai ni wani fili a bayan gari inda na tarar da ƙarti sanye da hular kwano suna karo da juna kamar raguna. Ƙwallon Amurka ke nan, wanda ƙwallonsa yake kama da gwanda.

Wasan ba shi da wuyar fahimta in an bar surutu. Ƙungiyar da take riƙe da ƙwallo ana ba ta dama huɗu ta ci yadi goma a gaba. In ta ci, a sake ba ta huɗu, haka haka har ta kai ƙarshen fili ta ci maki. In ta kasa, ƙwallo ya koma hannun abokan karawa a daidai inda ya tsaya. Shi ya sa in an yi uku ba a ci ba, ba a cika yin caca da ta huɗu ba. Sai a kira wani ya buga ƙwallon da ƙafa can nesa, domin abokan karawa su fara tasu tafiyar daga gindin gidansu. Wannan wanin da ake kira, ni ne.

Mu da muke shiga don bugun nan kaɗai ana ce mana rukuni na musamman. Kada sunan ya ruɗe ka. Tarkace ne, waɗanda ba a samar wa wuri ba. Akwai wani mai gyaran famfo mai sanƙo wanda yake duƙawa ya jefo mini ƙwallon ta tsakanin ƙafafunsa, akwai sirara masu gudu da suke bin ƙwallon su danne wanda ya cafe, sai ni. Ba a shiga da mu sai abu ya lalace. Mai jifan ƙungiyarmu, wato mai jefa wa sauran ƙwallo, wani kyakkyawan saurayi ma'aikacin banki wanda 'yan mata suke zuwa kallo dominsa, in ya ga na taso daga benci yakan dube ni kamar yadda ake duban mai wankan gawa. Ya taɓa gaya mini a ɗakin canza kaya cewa uwarsa za ta iya wanke rigata da tata tare, tun da duka biyun ba sa ganin laka. Kowa ya yi dariya, har ƙaton da ya kawo ni. Ni ma na yi, don ba ni da inda zan kai ƙara.

Mutum ɗaya ne ya san darajarmu, kocinmu. Gajere ne, direban bas, ya yi zama a Kanada, bakinsa ba ya furta alheri ko da kuskure. Amma shi ne yake tsayar da su duka ya nuna musu filin da yatsa. Ya ce su duba, in na ajiye ƙwallo a gindin gidan abokan karawa, sai sun ci wannan goman, su ci wancan, su sake cin wancan, kuma su 'yan wasan Lahadi ne kamarmu, ba za su yi wannan doguwar tafiya ba tare da wani ya saki ƙwallo ko ya yi shirme ba. In sun kasa, su ma sai sun buga, kuma bugunsu zai sauka a tsakiyar fili, mu fara daga nan. Ya ce wa mai jifan, "Kai kana cin yadi uku ka daki ƙirji. Wannan siririn yana cin arba'in da ƙafa ɗaya, ya koma ya zauna." Daga nan sai ya juyo ya ce mini in rufe baki, murmushina yana ba shi haushi.

Shi ne kuma ya koya mini faɗuwa. Akwai doka a wasan: mai bugu in ƙafarsa tana sama ba a taɓa shi, domin a tsaye yake a kan ƙafa ɗaya, ba ya iya kare kansa. Wanda ya taɓa shi, alƙalin wasa zai jefa wani ƙyalle ruwan ɗorawa a ƙasa, a hukunta ƙungiyarsa, sau da yawa ma a mayar mana da ƙwallon da sabbin dama huɗu. Amma alƙali mutum ne, sai ya gani. Saboda haka koci yakan shimfiɗa katifa a gefen fili, ya sa wani ya rugo ya goge ni, ni kuma in saki jiki in zube. In na faɗi a hankali ya ce kakarsa ta fi ni iyawa. In na yi ihu da yawa ya ce nan ba gidan wasan kwaikwayo ba ne. Na koya har na ƙware, kuma ban ga aibinsa ba, aiki ne kamar kowane aiki.

Na aika hotona gida, da hular kwano da kafaɗun roba da suka mai da ni kamar mutum biyu. Inna ta gaya mini a waya cewa Baba ya riƙe hoton kusa da idonsa ya daɗe, don lokacin yanar ido ta fara rufe masa gani, sannan ya tambayi ƙanena ko wannan ita ce kokawar ƙasar can. Ƙanena ya ce e. Ni ban ce e ba, ban kuma ce a'a ba. Wa ya tambaye ni? Inna ta ce ya sa hoton a aljihun rigarsa ya fita da shi majalisa. Ranar na yi ta yawo a bakin kogi ni kaɗai ina murmushi kamar taɓaɓɓe.

Shekaru suka wuce, na gama karatu, na sami aiki a wani ofishin ruwa, ban bar wasa ba. Sai Kawu, ƙanen Inna da yake sayar da atamfa a unguwar Château Rouge a Paris, ya yi ɗawainiya aka kawo Baba don a cire masa yanar ido. Na hau jirgin ƙasa na je gaishe shi. Na same shi a bayan shago, zaune a kan dilar atamfa, an cire bandeji, yana duban hannunsa yana juya shi kamar baƙon abu. Na durƙusa na yi gaisuwa. Ya amsa wa bango. Sannan ya ce wa Kawu, "Alhaji, yaron ga naku bai ƙara jiki ba. A hoto ya hi haka." Kawu ya kece da dariya har yana riƙe ciki. Kawu mutum ne da in ya sami abin tsokana ba ya sakinsa sai ya ga jini.

Ni da bakina na faɗa cewa ƙungiyarmu za ta zo wasa a wata unguwa a arewacin Paris kafin Baba ya koma. Ga Kawu na faɗa, ba shakka, amma don kunnen Baba na faɗa. Sai Baba ya ce, "Alhaji, tunda Allah ya maido ido, sai mu tai mu gani." Gabana ya faɗi, kuma na ji daɗi, duka a lokaci guda. Na san abin da yake tsammanin gani. Amma na ce a raina, mutumin da ya san fili, ya san abin da ake nufi da tura abokin karawa baya, zai gane.

Ranar wasan an yi ruwa da safe, filin ya zama kunu. 'Yan kallo ba su da yawa, 'yan uwa ne da budurwoyi da wani mai soya dankali. A tsakiyarsu ga Baba da babbar rigarsa shuɗiya da rawani, Kawu ya rufa masa wani jibgegen kwat a kai, yana zaune a miƙe bai jingina ba. Tun daga benci nake jin idonsa a wuyana.

Mai jifanmu ranar ya zama abin tausayi. Ƙwallo yana zame masa, yana jefa wa iska, ana danne shi a laka. Ni kuwa wannan ne abincina. Duk lokacin da ya kasa sai a kira mu, mai gyaran famfo ya duƙa, ƙwallo ya zo hannuna, in saki in ɗora masa ƙafa. Wallahi ban taɓa bugu irin na ranar ba, kuma ban ƙara ba. Wani bugun ya tashi sama har masu jiransa suka gaji da ɗaga kai. Wani ya sauka dab da layin gidansu ya lafe a laka kamar an ajiye shi da hannu. Wani na karkatar da shi ya fita ta kusurwa, inda ba mai iya ɗaukarsa ya gudu. 'Yan Paris sun fi mu ƙarfi nesa ba kusa ba, suna ture mu yadda suka ga dama, amma kullum daga gindin gidansu suke farawa, kuma kafin su kai tsakiya sai wani ya zame ko ya saki ƙwallo. Sau ɗaya suka saki kusa da gidansu, muka ɗauka muka ci. Abin da muka samu ke nan duk rabin farko, su kuma ba su sami komai ba.

Da aka tafi hutu na je bakin wayar da ta kewaye filin, inda su Baba suke zaune. Kawu ya taso yana dariya tun daga nesa. "Kai, ɗan nema! Babanka yana tambaya, kai da wa kake? Duk sanda ka shigo sai ka ba mutanen can balo ka koma ka zauna. Ko sun biya ka ne?" Baba yana kallon mai dankali kamar ba a gabansa ake yi ba. Na tsuguna na tsinci tsinke, na zana filin a laka, na yi wa Kawu bayani da ƙarfi. Na nuna inda za su fara in ban buga ba, na nuna inda nake kai su. Kawu bai fahimci komai ba, ya ce shi dai a balon da ya sani ba a ba abokin gaba. Amma na ga Baba ya sunkuyo yana duban zanen da sabon idonsa.

"Alhaji, kai ne ba ka gane ba," in ji shi. "Kore su yaka yi. Kowane karo shina maishe su bakin gonassu, su taso, su gaji kahin su iso. Hwaɗa mishi na gane. Hwaɗa mishi ƙahwar tana da kyau."

Na koma fili ban san ƙasa nake takawa ba. Shekara talatin da wani abu ina duniya, wannan ce kalmar yabo ta farko, ko da ta hannun Kawu ta biyo. Na ce a raina saura kaɗan. In muka ci wasan nan, yau zai juyo.

A rabi na biyu 'yan Paris suka farfaɗo suka matso, har ya zama tazarar da ke tsakaninmu ba ta kai cin ƙwallo ɗaya ba. Lokaci ya kusa ƙarewa, ƙwallo yana hannunmu amma a gindin gidanmu muke, an yi uku ba mu ci ba, saura 'yan yadi kaɗan. Aka kira mu. Kowa ya san in bugun nan bai yi nisa ba, an gama da mu. Mai gyaran famfo hannunsa ya daskare, ya jefo ƙwallon ƙasa-ƙasa, sai da na duƙa na tsince shi a laka. Kafin in miƙe wani ɗan Paris ya ɓallo ta hagu. Na buga a gurguje, bugun banza, ƙwallon ya tashi kamar kazar da aka jefa ya sauka nan kusa. Mutumin ya yi ƙoƙarin kauce mini, ya wuce, kafaɗarsa ta ɗan goge cinyata. Gogewar da ko a cunkoson jirgin metiro aka yi maka ita ba za ka waiwaya ba.

Jikina ya yi abin da aka koya masa. Na saki ƙafa, na tafi da baya, na zube warwas, bayana da ƙeyata a laka, na riƙe cinya. Ina kwance na ga ƙyallen nan ruwan ɗorawa ya tashi sama ya sauka kusa da kaina. Aka hukunta su, aka ba mu yadin da muke nema, ƙwallo ya dawo hannunmu da sabbin dama. Muka riƙe shi har lokaci ya ƙare. 'Yan Paris suna zagina da duk zagin da ke cikin Faransanci, ni ko a jikina. Ƙartin ƙungiyarmu suka ɗaga ni sama, mai jifan nan da kansa ya rungume ni yana nuna wa kowa bayan rigata, yana ihu wai yau dai ta ga laka. Koci ya daki hulata ya ce faɗuwar ba ta yi muni ba.

Na fito da jakata na same su a wajen ajiye motoci, kusa da bas ɗinmu. Kawu yana ta tafa mini, shi dai ya ga an ɗaga ni. Baba yana tsaye, hannuwansa a baya. Na matso na rusuna. Sai ya juyo, ya dube ni tsakiyar ido, abin da bai taɓa yi ba.

"Kai," ya ce.

Na ce, "Na'am, Baba."

"Mutumen can, shi ya kada ka, ko kai ka kwanta?"

Na buɗe baki zan fara bayanin doka da ƙyalle, ya ɗaga hannu. Ya ce tambaya ɗaya ya yi. Na ce, "Ni na kwanta."

"Na gani. So nike in ji ko za ka yi mini ƙarya a kai." Muryarsa ba ta tashi ba ko kaɗan. "Ni an kada ni. An kada ni gaban mata da makaɗa, na tashi na kakkaɓe na tahi gida, na ci tuwona. Amma ban taɓa kai bayana ƙasa da kaina ba don a ba ni abin da ƙarhina bai ba ni ba. Kuma sunka ɗauke ka sama, kana dariya. Da na san abin da za ni gani ke nan, da na bar yanar a idona."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Baba, duk bugun da na yi yau fa? Kai ka ce ƙafar tana da kyau." Amma ya riga ya juya. "Alhaji, mu tahi," ya ce wa Kawu, "la'asar na wucewa." Maganar da ya yi mini ke nan a duniya, daga farkonta har ƙarshenta, kuma a tsaye muka yi ta kusa da tayar bas.

Kafin ya koma gida na sake zuwa Château Rouge sallama. Tun daga bakin shago na ji ana shewa. Kawu ne yake kwaikwayon faɗuwata ga masu sayen atamfa da masu gyaran gashi na maƙwabta. Sai ya sa wata ta taɓa shi da gefen mayafi, ya yi ƙara ya zube a kan dila yana shure-shure, ya ciro ƙyalle ruwan ɗorawa ya jefa wa kansa. Har da wasu 'yan Zinder da ban taɓa gani ba suna share hawayen dariya. Baba yana zaune a inda ya saba, bai yi dariya ba, bai kuma hana ba. Na tsani Kawu ranar, kuma har yanzu in na je Paris ba na bi ta layin shagonsa.

Na koma Lyon na ci gaba da wasa, amma maganar tana cina. A ofis, a jirgin tiram, a kan sallaya. Ina ce wa kaina tsoho ne, bai san wasan ba, dokar ƙauye yake aunawa da ita. Duk gaskiya ne, kuma bai rage komai ba.

Bayan 'yan makonni muna wasa a gida, da rana tsaka, fili a bushe. Aka kira mu, ƙwallo ya zo daidai, na buga mai kyau. Sai ga wani ya taho a guje ya kasa tsayawa, ya faɗo da dukan nauyinsa wajen ƙafar da nake tsaye a kanta. Na gan shi sarai, ina da lokacin da zan saki jiki in bi shi mu zube tare, yadda na yi a katifa ba adadi. Ban saki ba. Na kafe ƙafar a ƙasa, na ce yau sai dai a kada ni. Na ji gwiwata ta yi ƙara kamar an karya ɗanyen kara. Na ɗan tsaya a kanta, na numfashi ɗaya ko biyu, hannuna a kan hularsa, sannan ƙasa ta zo ta same ni.

Koci ya zo asibiti washegari, bai kawo ko lemo ba. Ya tsaya a ƙarshen gado ya ce ya ga abin da na yi. Ya ce, "Kana tsammani don ƙyalle kaɗai na koya maka faɗuwa? Don ƙafar nan na koya maka, jaki. Ƙafa ɗaya gare ni a ƙungiyar nan, ka je ka karya mini ita." Bai tambayi dalili ba, ni ma ban faɗa ba. 'Yan ƙungiyarmu suka samo wani ɗan wasan rugubi ya maye gurbina, bugunsa ba ya wuce tsakiyar fili. Sauran kakar nan duka a gindin gidansu suka yi ta, ana ta lallasa su, mai jifan yana zargin masu tare masa, masu tare masa suna zarginsa. Ba wanda ya kira ni. Likita ya ce zan yi tafiya, har da ɗan gudu in na yi haƙuri, amma bugu ya ƙare.

Ina kwance a ɗakina da ƙafa a kan matashi na kira gida. Inna ta ɗauka, na gaya mata, ta yi ta salati tana kuka. Ina jin rediyon Baba a bayanta, sai na ji an rage shi. Na ji muryarsa daga nesa, da ƙanena yake.

"Tambai uwarka ta tambai wancan. Kada shi anka yi, ko shi ya kwanta?"

Inna ta ce, "Haba, Malam, yaro yana kwance ƙafa a karye!" Na ce mata ta bari. Na ce, "Inna, gaya masa kada ni aka yi. Gaya masa ban saki ba sai da gwiwar ta tafi." Ta faɗa masa tana shessheka.

"To, alhamdu lillahi," in ji Baba. Sai na ji rediyo ya dawo da ƙarfinsa.

Bai karɓi wayar ba, bai tambayi wace ƙafa ce ba. Ni kuwa ina kwance, gwiwa ta kumbura ta yi kamar ƙwarya, abin da na fi iyawa a duniya ya tafi, sai na ji daɗi ya cika mini ƙirji. Wallahi na ji daɗi, har na yi murmushi ni kaɗai a ɗaki. Na yafe masa abubuwa da yawa tun da ya rasu, amma wannan daɗin da ya sa na ji ban yafe masa ba.